Battar Inna

A gidanmu baba ne mai hayaƙi.
In ya kunna karansa a gindin kwalekwale
inna sai ta toshe hanci da bakin mayafi,
ta ce, "Motaleb, kuɗinka kake ƙonawa, har da ƙirjinka."
Ita tata tabar ba wuta, ba toka,
ba tarin asuba mai tashin maƙwabta,
sai 'yar batta ta tagulla
da ta gada wurin kakarmu a Jhalokati.

Ganyen pan guda, a shafa masa farar ƙasa,
ɓallin supari, zarda ɗan tsunkule,
a naɗe, a cusa can lungun kumatu.
Da shi take karyawa,
da shi take tuƙa gwaiba zuwa kasuwar kan ruwa,
da shi take ciniki, da shi take faɗa,
haƙora jawur, dariya har kunne.
Shekara talatin da huɗu
ba wanda ya taɓa kiran Jobeda mashayiya.

Ran wata Talata, tsakiyar damina,
tana ƙirga wa wani canji
sai kuɗin suka zube cikin ruwa.
Ta miƙa hannu, hannu ya ƙi zuwa.
Na dubi fuskarta, na ga gefe guda ya sauka,
na ce a raina, ai curin pan ne a kumatu,
kullum haka bakinta yake.
Na ci gaba da auna gwaiba.
Wannan awa ɗayan
har yau ita ce ke hana ni barci.

Kafin mu kai asibitin Barishal la'asar ta yi.
Likita, wata siririya mai gilashi, ta tambaya,
"Tana shan taba?"
Mu uku muka haɗa baki: "Haba! Ko kusa."
Ba ta yi musu ba.
Ta haska tocila cikin bakin inna,
ta daɗe tana dubawa, kana ta kashe.

Ta ce taba ba ta jiran ashana.
Ta fatar baki ma tana da ƙofa,
ta bi jini shiru kamar ɓarawon da ya san gida,
ta tsuke jijiya, ta ingiza bugun zuciya,
jini ya yi ta hawa ba mai jin motsinsa.
Ta ce, "Kun ga yadda kainuwa ke cinye mashigi
har jirgi ya rasa ta inda zai wuce?
Wata rana a zuciya take tsayawa.
Ta mahaifiyarku a ka ta tsaya."

Baba ya bar nasa karan tun shekara tara,
saboda gorin inna ne ma ya bari.
Yanzu shi ke dama shinkafa da miyar wake
yana ba ta a cokali, yana share mata haɓa,
ba ya cewa komai.
Da ma ya rama gorin, da ya fi mini sauƙi.

Kalma uku suka rage mata:
sunana, da ruwa, da wata da ba mu gane ba.
Ƙanena ya ce addu'a ce.
Ni na san me take nema,
don hannun da ya tsira
kullum yana lalube ƙarƙashin matashi.

Battar tana nan. Na wanke ta da toka da tsamiya,
ƙwayoyin hawan jini nake zubawa ciki,
fara da safe, ja da dare.
In na buɗe, tsohon ƙamshin ya kan taso,
yawu ya cika mini baki,
domin ni ma tun ina 'yar sha biyar
take tsunkula mini in mun yi ciniki mai kyau.

Yau kwana arba'in da ɗaya ban sa ba.
Jiya a kasuwa Rahela ta miƙo mini naɗi guda,
na riƙe shi har muka wuce gada,
sannan na sake shi a ruwa.
Ya daɗe yana bin jirgina kafin ya nutse.